Riƙon Ɗa: Abin Da Ya Kamata Ma'aurata Su Sani Kafin Su Buɗe Ƙofa

A ƙasar Hausa da wuya a yi wata tara da ɗaurin aure ba a fara satar kallon amarya ba. In shekara ta zagayo shiru, sai tambayoyi su fara fitowa ta bakin dangin miji. In aka kai shekara biyar, an wuce tambaya an koma shawara: wannan ya kawo sunan malami, wancan ya kawo na mai magani, wata ta ce ƙarin aure ne mafita. Abin da ba a cika kawowa a irin wannan zama ba shi ne riƙo, wato ma'aurata su ɗauko yaron da ke neman gida su raine shi. In ma wani ya ambata, sai a rufe masa baki da cewa ai addini ya hana, ko a ce tsintacciyar mage ba ta mage.

Matsalar kuwa ba ƙarama ba ce. A watan Afrilun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na manya a duniya yakan fuskanci matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. A ma'aunin hukumar, in ma'aurata suka yi wata 12 suna tare, ba su ɗauki matakin tsarin iyali ba, kuma ciki bai samu ba, lokacin ganin likita ya yi. Ganin likitan kuma na mutum biyu ne, domin matsalar takan kasance daga miji kamar yadda takan kasance daga mata, ko da yake matar ce kaɗai ake kira juya. Mutanen Zariya suna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, kuma da yawa sun dace ta wannan hanya. Wasu kuma sun yi iya yinsu, Allah bai kawo ba. Domin su, da duk mai sha'awar ƙara yaro a gidansa, muka duba abin da al'ada da addini da doka suka ce game da riƙo.

Abin da kakanni suka saba

Riƙo, ko tallafi kamar yadda tsofaffi ke kiransa, ba daga waje aka kawo mana shi ba. Kunyar ɗan fari ta sa a da can ana yaye yaro a wurin kaka, sau da yawa kuma can yake zama har girmansa. Gwaggon da ba ta haihu ba akan ba ta 'yar ɗan'uwanta, ita za ta yi mata tarbiyya, ita za ta tara mata kayan ɗaki. Amarya ma akan haɗa ta da ƙaramar yarinya daga gidansu ta taya ta zama.

Akwai shaida a rubuce daga nan ƙasar Zazzau. Tsakanin 1949 da 1950, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa a Giwa tana rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta. Littafin, Baba of Karo, ya fito a 1954. Baba ta yi aure sau huɗu ba ta haihu ba, amma ba ta tsufa ita kaɗai ba, domin ta riƙi 'ya'yan dangi, kuma labarinta cike yake da yadda yara ke tashi a hannun waɗanda ba su haife su ba. A baya-bayan nan kuma mutanen Zariya ba su manta da Hajiya Gambo Sawaba ba, wadda ta rasu a 2001. Ban da gwagwarmayar siyasa da shiga kurkuku, an san gidanta da tara 'ya'yan mutane da marasa galihu, tana ci da su tana sha da su.

Abin lura a wancan riƙo na da shi ne babu ɓoye-ɓoye a cikinsa. Yarinya ta san wannan gwaggonta ce, ta san gidan ubanta, ana kai ta can da salla. Duk unguwa ta san 'yar wane ce.

Yau zama ya canza, kuma Tudun Wada misali ce mai kyau. Tun zamanin Turawa aka ware ta domin 'yan Arewa baƙi waɗanda ba 'yan asalin Birnin Zazzau ba, shi ya sa har gobe za ka tarar da gidajen da tushensu ke Katsina, ko Kano, ko Sakkwato, ko Borno. Ma'aikaci da ke zaman haya a ɗaki biyu, danginsa na nesa, ba kamar mai zaune a babban gidan gado ba ne, inda yara ke yawo daga wannan sashe zuwa wancan. Kuɗin makaranta da na asibiti sun sa masu bayarwa da masu karɓa duk suna tunani sau biyu. Ga kuma sabon abu: ma'auratan da ke zuwa gidan marayu neman jaririn da ba su haɗa jini da shi ba. A nan ne tambayoyi suka fi yawa.

Me addini ya hana?

Abin da Musulunci ya hana shi ne tabanni, wato mutum ya ɗauki ɗan wani ya mayar da shi nasa a nasaba, ya goge sunan ubansa ya sa nasa, ya ba shi hukuncin ɗan cikinsa a gado da aure. Asalin hukuncin sananne ne. Zaidu bin Harisa ya tashi a hannun Annabi (SAW), har mahaifinsa ya zo Makka ɗaukarsa ya zaɓi ya zauna. Mutane suka riƙa kiransa Zaidu bin Muhammad, sai ayoyi na 4 da 5 na Suratul Ahzab suka sauka da umarnin a riƙa kiran irin waɗannan 'ya'ya da sunan ubanninsu. Sunan ya koma Zaidu bin Harisa, amma ba a kore shi daga gida ba, ƙauna kuma ba ta ragu ba. Shi aka ba jagorancin runduna a yaƙin Mu'uta, inda ya yi shahada a shekara ta 8 bayan Hijira, ɗansa Usama kuma ya tashi ɗan lele a gidan Annabi.

Ɗaukar nauyin yaro kuwa, wanda malamai ke kira kafala, abu ne da aka kwaɗaitar. Annabi (SAW) da kansa ya tashi a hannun kakansa Abdulmuɗɗalib, sannan baffansa Abu Ɗalib, shi kuma daga baya ya riƙi Sayyidina Ali. Hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Sahlu bin Sa'ad ya yi wa mai riƙon maraya albishir da maƙwabtaka da Annabi a Aljanna.

Hatta jaririn da aka tsinta, wanda ba a san iyayensa ba, fiƙihu bai bar shi a rana ba. A mazhabar Malikiyya ɗaukarsa farilla ce a kan al'umma, in wani ya yi ya ɗauke wa saura, in aka bar shi ya halaka kowa na da laifi. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo labarin mutumin da ya tsinci jariri a zamanin Sayyidina Umar, Halifa ya tabbatar da cewa yaron ɗa ne ba bawa ba, ya bar shi a hannun wanda ya tsince shi, ya kuma ɗora ciyarwarsa a kan baitulmali. Aya ta 5 ta Suratul Ahzab ɗin ma ta ce wanda ba a san ubansa ba ɗan'uwa ne a addini. Saboda haka mai jifan irin wannan yaro da mummunar kalma, shi ke ɗaukar zunubi. Game da suna, malamai da dama suna ba da shawarar a haɗa sunan yaron da wani suna gama-gari kamar Abdullahi, maimakon a jingina shi ga mariƙinsa.

Shayarwa da zaman gida

Tambayar da ta fi damun mata ita ce: in yaron ya balaga, sai na riƙa rufe jiki a gabansa? Maza kuma su ce: yarinyar da na raina ta zama baƙuwata? Amsar ta danganta da wane yaro aka ɗauko da kuma shekarunsa.

In mace ta riƙi ɗan 'yar'uwarta ko na ɗan'uwanta, dama muharraminta ne. Haka in namiji ya riƙi 'yar ɗan'uwansa ko ta 'yar'uwarsa. Shi ya sa masu hangen nesa suke ɗauko namiji daga dangin mata, mace kuma daga dangin miji.

In babu dangantakar jini, akwai ƙofar shayarwa, wadda aya ta 23 ta Suratun Nisa'i ta ambata. A Malikiyya, nonon da ya isa cikin jariri a cikin shekara biyun farko, kafin ya wadatu da abinci, yana tabbatar da haramcin aure ko da sau ɗaya ne. Shafi'iyya kuma sun sharɗanta sau biyar. Macen da ba ta haihu ba takan iya samun ruwan nono da taimakon likita, sai dai ba kowa ke dacewa ba, kuma ba abin da za a yi da maganin kan titi ba ne. In hakan bai yiwu ba, 'yar'uwar matar da ke goyo tana iya shayar da yaron, sai matar ta zama innarsa ta shayarwa. In yarinya ce, 'yar'uwar mijin ta shayar da ita, sai ya zama kawunta. Duk wanda aka yi, a rubuta ranar da sunan wadda ta shayar, a sanar da dangi, domin bayan shekara ashirin maganar aure za ta taso, lokacin da waɗanda suka sani wataƙila ba su da rai.

Maganar aure kuma, Malikiyya ta lissafa mariƙi a cikin waɗanda ke iya zama waliyyin yarinyar da suka raina, idan babu dangin uba da ke gaba da shi. Wannan ya nuna matsayin da shari'a ta ba wanda ya ci wahalar raino.

Ranar da mariƙi ya kwanta dama

A nan ne riƙo ya fi tarwatsewa. Ɗan riƙo ba ya cin gadon mariƙinsa ta hanyar riƙo. Mu ɗauki misali: mutum ya rasu bai haihu ba, iyayensa sun riga shi, ya bar mata ɗaya, da ƙane shaƙiƙi, da yarinyar da ya raina tun tana tsumma. Abin da ya bari, bayan an biya bashi, ya kai naira miliyan 12. Matar tana da kashi ɗaya cikin huɗu, miliyan 3. Ƙanen ya kwashe sauran miliyan 9. Yarinyar da ba ta san wani uba ba sai shi, ba ta da ko sisi, kuma in gida ne aka sayar, har wurin kwana ta rasa.

Da mutumin ya yi wasiyya, da labarin ya canza. Shari'a ta ba shi damar yin wasiyya da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba ga wanda ba magajinsa ba, kamar yadda ya zo a hadisin Sa'ad bin Abi Waƙƙas. A wannan misali yarinyar na iya samun har miliyan 4, a raba sauran miliyan 8, matar ta ɗauki 2, ƙanen ya ɗauki 6. Babu wanda aka zalunta.

Hanya ta biyu ita ce kyauta tun mutum na raye da lafiyarsa. Wannan ba ta da iyakar kashi ɗaya cikin uku, amma a Malikiyya sai abin ya fita daga hannun mai bayarwa ya shiga hannun wanda aka ba, ko wakilinsa, kafin ciwon ajali. Wanda ya ce "wannan filin na wance ne" a zaure, bai rubuta ba, bai kafa shaidu ba, bai sauya suna a takarda ba, ya bar wa yarinyar rigima ne kawai. A je wurin malamin da ya san gado, a rubuta a gaban shaidu adalai, in da hali a kai gaban alƙali ko lauya. Karatu da sana'a ma kyauta ce da ba a rabawa ranar gado.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren. In maraya ya zo da dukiyar ubansa, amana ce. Farkon Suratun Nisa'i ya yi kakkausan gargaɗi a kan cin ta, aya ta 6 kuma ta yi umarni da kafa shaidu ranar da za a miƙa masa. Kada mariƙi ya cakuɗa ta da jarinsa ba tare da lissafi a rubuce ba.

Hukuma da takarda

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20 a matsayin hanyar kula da yaron da ya rasa gida. Ƙasashen Musulmi sun bi hanyoyi daban-daban. Aljeriya ta hana tabanni ta kuma tsara kafala a dokar iyalinta ta 1984, Maroko ta yi dokar kafalar yaran da aka yasar a 2002, Tunisiya kuwa ta halatta cikakken ɗaukar ɗa tun 1958.

A Najeriya, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta raba abin gida biyu. Akwai riƙon da yaro ke zama a hannun wasu ba tare da an yanke alaƙarsa da iyayensa ba, wanda shi ya fi kusa da kafala. Akwai kuma cikakken ɗauka, inda kotu ke mayar da yaro tamkar ɗan ciki har da gado, hanyar da iyalai Kiristoci suka fi bi. Dokar ta gindaya sharuɗɗa ga cikakken ɗauka: mai nema ya kai shekara 25, ya girmi yaron da aƙalla shekara 21, ya zama ɗan ƙasa da ya zauna a jihar shekara biyar, ya sanar da jami'in walwalar jama'a niyyarsa wata 12 kafin hukunci, yaron kuma ya zauna a hannunsa wata uku a jere. Wanda ba shi da aure sai ya kai 35, kuma jinsinsu ɗaya da yaron. Wannan doka ta tarayya ba ta aiki a jiha sai jihar ta yi tata. Kaduna ta yi dokar walwala da kariyar yara a 2018, Kano ta yi tata a 2023. Ga mazaunin Zariya, matakin farko shi ne ofishin walwalar jama'a, inda za a bayyana masa sharuɗɗan dokar jiha, a ziyarci gidansa, a duba lafiyarsa da samunsa, kafin magana ta je kotu.

Hanyar na da tsawo, kuma tsawon ne ke sa wasu neman yanke. Sai a ji an ce akwai wata mata, ko wani gidan haihuwa, da za a biya kuɗi a karɓi jariri ba tare da kowa ya ji ba, wani lokaci har a koya wa mace ɗaura tsumma a ciki na wata tara. Wannan cinikin mutum ne, laifi ne babba a dokar hana fataucin mutane ta 2015 da hukumar NAPTIP ke aiwatarwa. Mutanen Arewa sun ga ƙarshen irin wannan kasuwa a watan Oktoban 2019, lokacin da 'yan sandan Kano suka gabatar da yara tara da aka sace aka kai jihar Anambra aka sayar, an sauya musu suna. A bayan kowane jaririn da aka saya a ɓoye, mai yiwuwa akwai uwar da ke yawo da hotonsa. Wanda ya tsinci jariri ma, ya fara kai rahoto ga mai unguwa da 'yan sanda, sannan ya nemi riƙon ta hanyar hukuma.

Ko riƙon dangi ne, a yi 'yar takarda. Wa zai biya kuɗin makaranta? Riƙon na har abada ne ko zuwa wani lokaci? In ma'auratan suka rabu, wurin wa yaron zai zauna? An sha ganin uwar riƙo ta raini yarinya shekara goma sha biyar, sai da samari suka fara sallama ubanta ya aiko a mayar masa da ita. A takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya kuma a rubuta sunan iyayen gaskiya in an san su, domin daga ita sauran takardun yaron za su samo asali.

Gaskiya daga bakin wa?

Ramin ƙarya ƙurarre ne, musamman a unguwa irin tamu inda kowa ya san kowa. Yaron da aka ɓoye wa asalinsa zai ji, sai dai ba daga bakin mai ƙaunarsa ba. Zai ji ne a wurin faɗa da yaran maƙwabta, ko daga kishiya ranar da rai ya ɓaci, ko ranar neman aure a gaban baƙi, ko ranar rabon gado. A ranar zai yi rashi biyu, na asalin da yake zato, da na yardar da ya ba waɗanda suka raine shi.

Masu aikin kula da yara suna ba da shawarar a fara tun yaro na ƙarami, da kalmomin da suka dace da shekarunsa, a riƙa ƙarawa yana girma. A gaya masa yana da uwar da ta haife shi, yana kuma da uwar da ta zaɓe shi. Kada a zagi iyayensa a gabansa, ko me suka yi. In suna raye kuma babu cutarwa, a bar zumunci a buɗe.

Sai kuma gori, wanda ya fi duka ciwo. "Da ban ɗauko ka ba" magana ce da ke rushe aikin shekara goma a minti ɗaya. Haka nan riƙon da aka mayar aikatau: 'yar riƙo a bakin murhu da tallar safe, 'ya'yan gida a makaranta. Wannan shi ya ɓata wa riƙo suna har iyaye suke gwammace su zauna da talaucinsu da 'ya'yansu.

Kafin a ɗauko

Ma'auratan da ke wannan tunani su zauna su biyu su amsa wa juna wasu tambayoyi tsakani da Allah. Dukanmu muke so, ko ɗaya ne ke bin ɗaya don gudun ɓacin rai? In Allah ya ba mu haihuwa bayan shekara uku, ya matsayin wannan yaro zai kasance? In maigida ya ƙara aure amarya ta haihu fa? Iyayenmu da 'yan'uwanmu sun san da maganar, ko sai sun gan shi a tsakar gida? In yaron ya zo da wata lalura, ko ya tashi da halin da ba mu so, za mu jure kamar yadda ake jure wa ɗan ciki? Hausawa sun ce ka haifi ɗa ba ka haifi halinsa ba, to balle a ɗora wa riƙo laifin kowane kuskuren yaro.

Wanda ya ga ba zai iya kawo yaro gida ba, yana iya ɗaukar nauyin karatun maraya a hannun uwarsa, shi ma kafala ce. Wanda kuma ya ga zai iya, to ya shiga da idonsa a buɗe: ya bar wa yaron sunan ubansa, ya bi ta hannun hukuma, ya gaya masa gaskiya da bakinsa, ya kuma rubuta abin da zai bar masa tun yana da lafiyar riƙe alƙalami.

Masu karatu da suka tashi a hannun mariƙa, da waɗanda suka riƙi 'ya'yan wasu, muna son jin yadda abin ya kasance muku, ba tare da ambaton sunan kowa ba. Allah ya ba masu nema zuriya ɗayyiba, ya kuma raya mana waɗanda ke hannunmu.